Muryar Mama a Sifikar Hagu

Babanmu tsohon soja ne, kuma kaset ɗaya tak yake saurare a duniya: na zumuntar matan cocinmu da ke Rikoto, wanda aka ɗauka tun Mama na da rai. Ranar ɗaukar, a ƙarshen layi ta tsaya, daf da na'urar, shi ya sa muryarta ke fitowa fes ta sifikar hagu. A gefen nan Baba ya kafa kujerarsa. In ya dawo gona ya watsa ruwa, sai ya murɗa tsohuwar amfilifayarsa mai sifika biyu, ya karkata kai hagu, ba mai yi masa magana har kaset ya ƙare. Ni nake zaune da shi, na san wannan kamar yunwar cikina.

Da amfilifayar ta fara kakari tana yankewa, yayana ya zo Kirsimeti daga Abuja, ya ce ba gyara, sabuwa zai saya. Muka tafi shagon wani Ibo a cikin gari. Ya nuna mana iri biyu. Ɗaya amfilifaya ce kamar ta Baba, maɓalli a murɗa, kiɗa ya fito, shi ke nan. Ɗayar ta kallon fim ce, hom tiyata, sifika biyar da ƙaton akwati mai rugugi kamar ganga, ga rimot mai maɓallai kamar ƙwayar gero.

Na ce, Yaya, Baba ba fim yake kallo ba, waƙa yake ji, mu ɗauki mai biyun. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ƙauyanci ne ke damuna, ai biyar ta fi biyu ko a makarantar firamaren da nake koyarwa. Mai shago ya yi dariya, don mai biyar ɗin ta fi tsada, ita kuwa Yaya ya saya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake yi.

Mu kuwa a gidanmu, in sabon abu ya shigo, tsohon na dangi ne. Washegari, kafin in dawo daga kasuwa, Yaya ya ɗaure tsohuwar amfilifayar a babur ɗin wani ƙanin Baba, ta yi garin Ribah.

Aka jona kaset, aka kunna. Ɗaki ya cika da ƙara ta gaba, ta baya, ta ƙarƙashin tebur, har kwanonin kabad na rawa. Yaya yana ta washe baki. Baba ya zauna a kujerarsa ya karkata hagu. Can ya tashi ya bi sifikokin ɗaya bayan ɗaya yana kanga kunne, dattijo mai ciwon gwiwa, yana zagaye ɗakinsa. Muryoyin matan sun cakuɗe, suna amsa kuwwa kamar a cikin rijiya. Ya koma ya zauna.

"Allah ya yi albarka," ya ce wa Yaya.

Bayan Yaya ya koma, na sha fama da rimot ɗin nan, na kira masu gyara, an taɓa nan an taɓa can. In an dace sautin ya ɗan daidaita, ana ɗauke wuta sai ya koma gidan jiya. Na ce bari in je Ribah in karɓo tsohuwar. Baba ya hana, wai ba a bin kyauta, kuma kada yaron ya ji ya ce an raina ƙoƙarinsa. Na je a ɓoye duk da haka. Na tarar sun kai ta gidan biki, janareta ya ƙona ta.

Yaya na bugo waya duk Lahadi ya tambayi lafiyar na'ura kafin ta mutane. Baba ya ce tana aiki lafiya. An lulluɓe ta da zani, ni ke share ta.

A damunar da ta wuce muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Baba ya kira ni a hankali.

"Uwarki," ya ce, "muryarta siririya ce ko mai kauri? Ina nema a kaina, na rasa."