Saitin Yatsa Ɗaya

Na daɗe da yanke hukunci cewa wahalar ɗan Adam kashi biyu ce: wadda mugaye suka fara, da wadda masu son taimako suka ƙarasa. Zan so a zaci a wani babban littafi na karanto wannan. Gaskiya a kan tsirkiya shida na koye shi.

Shekarun baya, lokacin da garuruwan arewacin jiharmu suka watse jama'a suka kwararo Yola, wani abokina ya sauka a gidana a Nassarawo. Tare muka yi kwalejin horon malamai. Ni Musulmi, shi Kirista, jita ce ta haɗa mu. Shi yana kaɗa ta a coci kamar da ita aka haife shi. Ni kuwa na san sunan kowane sauti a takarda, amma in na ɗauke ta sai maƙwabta su tuna suna da unguwa. Farfesa yake kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Ya iso babu matarsa. A hanya aka harbe ta, a gabansa, shi ma harsashi ya same shi a hannun hagu. Kwanakin da ya yi a kan duwatsu suka ruɓar da ciwon, a asibiti aka cire yatsu uku. Saura babban yatsa da manuni.

Ga wanda bai sani ba, hannun hagu ne ke danne tsirkiya a wuyan jita. A saitin da kowa ke amfani da shi, yawanci sai ka baza yatsu uku kafin sautuka su haɗu su ba da abin da makaɗa ke kira kod. Babban yatsa yana baya yana riƙe wuya. Wato shi yatsa ɗaya ya rage masa.

Bayan kusan shekara, cocin da mutanen garinsu ke taruwa a Jimeta ya sa ranar addu'ar tunawa da waɗanda ba a samu binnewa ba. Akwai waƙar da matarsa takan ja wa zumuntar matan cocinsu. Wata rana bayan la'asar ya ce mini, “Farfesa, ban binne ta ba. Ko wannan waƙar ce in kaɗa mata. Duk karatun naka babu dabara?”

Akwai. Idan ka sassauta tsirkiya uku zuwa wani mataki, jitar da kanta za ta ba da kod ko ba ka danna komai ba. Sai ka kwantar da yatsa ɗaya a kan duka shidan, ka ja shi sama ko ƙasa, kod ya canza. Na zana masa a takarda, har da kibiyoyi. Na ɗauko jitata, na murɗa kunnuwan da ke ɗaure tsirkiyoyin, ina jin kaina kamar likita.

Ya kwantar da yatsa, ya kaɗa. Sauti ya fito tas. Ya ja yatsan gaba, ya dawo. Sai ya ɗago.

“Wannan ai biki ka ɗaura mini. Ko'ina na sa yatsa dariya yake yi.”

Gaskiyarsa. Wannan saitin kod na murna kawai yake bayarwa, kuma da yatsa ɗaya ba ka da hanyar sauko da shi. Ina cikin yi masa lacca ya karɓe jitar, ya kama kunnen tsirkiya ta biyu, ya sassauta ta kaɗan, rabin mataki. Da ya sake kaɗawa, matata da ke tsince shinkafa a ƙofar kicin ta tsaya cak.

Na ce, don kada a bar ni a baya, “Yanzu in kana son na murnar, sai ka ƙara yatsa ɗaya a nan.”

Ya ɗaga hannun ya nuna mini. “A aro mini naka?”

Mako uku yana gwaji a gindin darbejiyar tsakar gida. Gefen yatsan ya yi ƙulu, ya fashe, ya yi kanta. Waƙar ta zauna. Ban taɓa jin ya kaɗa abu mai kyau haka ba, har lokacin da yake da yatsu goma.

Ranar, da safe muka tafi. Lokacin ana caje kowa a ƙofar coci, aka caje ni sau biyu saboda hulata, na zauna can baya. Shi ya jingina jitar a gaba wajen kayan kiɗa, ya fita gaisa da dangin matarsa.

Daga inda nake na ga shugaban mawaƙa, wani dattijo mai furfura da kirki, ya ɗauki jitar ya ɗan taɓa ta. Ya girgiza kai. Ya sa mai piyano ya ba shi sauti, ya bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Na fahimci abin da yake yi. Takardar tana aljihuna. Amma ni baƙo ne, an fara waƙar buɗewa, na ji kunyar ratsa coci cike da masu makoki. Na ce wa kaina abokina zai gwada kafin ya fara.

Bai gwada ba. Aka kira sunan matarsa, ya tashi, ya kwantar da yatsa, ya kaɗa.

Abin da ya fito ba murna ba ne, ba baƙin ciki ba ne, wani damammen sauti ne kawai. Ya ja yatsan, ya sake. Haka dai. Na ji wata mata a gabana ta ce, “Wayyo, hannun ne.” Mai piyano, shi ma don tausayi, ya yi maza ya ɗauki waƙar, jama'a suka amsa. Abokina ya tsaya baiti huɗu rungume da jita, hannun hagunsa a aljihu.

Da aka tashi dattijon ya dafa shi. “Ɗana, na ga wayoyinka duk sun kwance, na gyara maka. Kada ka damu, a hankali hannun zai saba.”

Ya ce, “Na gode, Baba.”

A keke muna komawa na fara, “Da na tashi...” Ya ce, “Farfesa, bari.” Ban sake tayar da maganar ba, shi ma haka. Da hanya ta buɗe ya koma garinsu, yana noma. Mukan yi waya, mu yi maganar taki.

Har yau in na ga abin wani a karkace, hannuna yana ƙaiƙayin gyarawa, aikin malanta ke nan. Sai in tuna wataƙila da gangan mai shi ya karkata shi, don a haka ne kawai yake iya riƙewa. Nakan faɗa wa ɗalibaina wannan, su rubuta. Ba na faɗa musu wanda ya gani ya zauna.

Jitar tana bayan ƙofata. Saitinta daidai yake, irin na kowa.