Taƙi Ɗayan Da Malam Sha'aban Ke Ƙara Wa Babur

Da an fito sallar asuba, Malam Sha'aban yakan zazzage buhunsa a ƙofar zaure: tsofaffin jarkokin mai, waya, almakashin gwangwani, da ƙusa guda da yake gasawa a kurfoti ya huda roba da ita. Shekara talatin da biyu ke nan, tun yana gyaran keke har babura suka cika Daura. Aikinsa ɗaya ne: yana ƙara wa madigadin baya tsawo, wato murfin nan da ke hana tayar baya watso taɓo. Ba shi da shago. A ƙarshen daminar nan zai ajiye almakashi, don idonsa ya fara gaza ganin ramin ƙusa.

Samarin 'yan acaɓa ba sa son aikinsa. Abin da ake yayi shi ne a datse madigadi ya koma guntu, babur ya fito kamar na tsere. Wani daga cikinsu, Munzali, shi ya laƙaba masa Baba Wutsiya a tasha, sunan kuma ya kama.

Munzali yana da fasinja guda da ya dogara da ita: Murjanatu, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a hanyar Dutsi. Shekara biyu yana kai ta da safe, ya ɗauko ta da yamma. Wata Lahadi ya kalli yadda ake yi a waya, ya ari zarto, ya datse nasa madigadin a tsakar gida, ya goge bakin, ya fesa fenti. Ya yi kyau.

Litinin aka wayi gari da ruwa. Akwai wani yanki na hanyar da ba kwalta. Da suka isa, Murjanatu ta sauka, ta yi godiya, ta juya. Layin jan taɓo ne a bayan farin hijabinta, tun daga ƙasa har ƙeya. Munzali ya gani. Ya buɗe baki, ya rufe, ya tayar da babur ya tafi.

Ranar ce masu duba aiki suka zo asibitin. Ta zagaya da su ɗaki-ɗaki tana gaba suna biye, sai bayan sun tafi wata mai jego ta gaya mata. Da yamma ta kira shi.

"Munzali, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Anti."

"To gobe kada ka zo."

Sabon madigadi ya fi ƙarfinsa. Kwana biyu yana wuce zauren Malam Sha'aban bai tsaya ba. Ran na uku ya kashe babur tun daga nesa, ya turo shi.

Tsohon ya shafa wurin da aka datse. "Hannunka yana da kyau. Wa ka ɗauka?"

"Wata ma'aikaciyar asibiti ce, Baba."

"Hau baya. Zauna yadda take zama."

Munzali ya hau, ya ja da baya har ƙarshen kujera, kamar yadda ya saba ganin ta yi.

"Ka gani? Namiji yana manne maka ne. Mace kuwa sai ta bar fili tsakaninku, don kunya. Bayanta da hijabinta a kan taya suke, daidai inda ka yanke. Wanda ya ƙera babur bai san da wannan filin ba, kai kuwa kullum kana ganinsa a madubi."

Ya buɗe yatsunsa ya auna taƙi ɗaya a bayan kujera. Wannan taƙin shi ne dukan sana'arsa.

"Baba," Munzali ya ce, idonsa a ƙasa, "sunan nan da ake kiranka da shi, ni na fara."

"Na sani. Riƙe nan."

Bai yi masa aikin ba, sa shi ya yi ya yi da kansa. Munzali ya yanko gefen jarka mai ruwan ɗorawa, ya kara shi a wuta har ya lanƙwasu daidai da taya, ya huda rami huɗu da ƙusa mai zafi, ya ɗaure da waya, ya juya bakin wayar ciki don kada ta kama zane. Sau biyu tsohon ya sa shi kwancewa. Wasu 'yan tasharsu sun wuce, ɗaya ya yi oda ya ce, "Munzali, ka tsiro wutsiya ke nan?" Bai ɗago ba.

Malam Sha'aban, kai ne ka lura da yadda iyayenmu da 'yan'uwanmu mata ke zama a babur, ka auna aikinka da shi. Kulu mai nono ta ce kafin ta hau sai ta leƙa baya, in ba ta ga robar jarka ba ta jira wani. Ikrima, shugaban tashar, ya ce bai taɓa jin zane ya shiga tayar da ka rufe ba. Ya kuma yarda cewa shi ma ya kira ka da sunan nan, ba sau ɗaya ba. Kai ne ake yi wa dariya da rani, a nemi zaurenka da damina ta bayan layi.

Ran Juma'a Munzali ya tsaya a ƙofar gidan Murjanatu ba tare da an kira shi ba. Ta fito, ta zagaya babur, ta taɓa robar.

"Wa ya yi?"

"Ni ne. Malam Sha'aban ya nuna mini."

"Ran nan akwai wani hijabin a jakata," in ji ta. "Da ka ce, Anti duba bayanki, da na sauya a bakin ƙofa."

Ta duba agogo, ta hau. Ya kai ta asibitin. Da ta sauka ta ce, "Ƙarfe huɗu."

Mun gode, Malam Sha'aban. Allah ya ƙara lafiya, ya ba idon nan sauƙi. Godiyar ta zo a makare, kuma daga bakinmu da muka yi maka dariya. Duk mai babur da ke ɗaukar mata ya je zauren nan kafin ruwa ya ɗauke, ya tafi da jarkarsa, ya zauna a koya masa. Ya kuma yi wa tsohon sallama da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, ba Baba Wutsiya ba.