Kwamfutar Baban Memuna da Ta Hana Ni Sukuni

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, Baban Memuna, kuma biyar daga cikinsu na yi su ne da wani nauyi a ƙirji. Ba kewa kaɗai ba ce. Kwamfutarsa ce, rufe a akwatina a Salaga, ban san kalmar sirrin buɗe ta ba.

Aikinsa koyarwa ne, amma ba yara yake koya wa ba. Masu binciken irin dawa da injiniyoyin rijiyar burtsatse, mutanen da sun riga sun iya rubuta manhaja, su yake tarawa a Yendi, inda muke zaune a lokacin, ya gyara musu hannu. Ina kai musu waake, dafa-dukan shinkafa da wake, da rana, in ji yana faɗa: kada ka canza layi ɗaya ba ka gwada ba, kada ka ajiye gyara ba ka rubuta dalili ba, wani ya duba aikinka kafin ka ce ka gama. Sukan yi gunaguni. Shi kuwa ya ce mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, amma mai ɗaki ba ya dawwama.

Ciwon kwana uku ya ɗauke shi, yana tsakiyar wata manhaja ta auna ruwan rijiyoyi. Tun ranar nake tambayar kaina: idan aikin mutane na kulle a nan fa? Amana ce. Zai kwanta da ita a wuyansa saboda jahilcina? Na kai wa masu gyara biyu, suka ce sai an goge komai. Na ƙi.

Bara na kasa daurewa, na hau mota har Bawku, wajen ɗalibarsa, Injiniya Ayishetu. Na ajiye mata kwamfutar ina kuka. Ta dube ni, dariya da hawaye tare.

"Haba Mma! Malam da ke korar mu idan mun bar aiki a inji ɗaya? Komai yana rumbun intanet da muke zubawa tare."

Ta buɗe tata, ta nuna mini gyaransa na ƙarshe da dalilin da ya rubuta: "Na gyara lissafin rani. Ban gwada na damina ba. Wanda ya zo bayana ya gwada." A ƙasa akwai sunan wani injiniya na Garu da maigidana bai taɓa ganinsa ba. Ya gwada, ya ƙarasa.

Hankalina bai kwanta duka ba. Ayishetu ta ce yanzu na'ura ke rubuta wa matasa manhaja cikin ƙiftawar ido, wasu ba sa ko karantawa. Da maigidana yana raye, me zai ce? Ina jin ba zai yi faɗa da na'urar ba. Zai dai ja kujera ya tambaya: wa ya gwada?

Kwamfutar na bari an goge, Memuna na karatu da ita. Ashe ƙarfe na yi ta gadi, amanar tun yana raye ya sauke ta. Allah Ya sa ruwan rijiyoyin nan ya zame masa sadaka mai gudana.