Tukwane Goma Sha Bakwai na Bashi Lombe

Yayana Bashi Lombe ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a garin Mbala, bai taɓa shuka ko albasa ba. Da ya yi ritaya sai ya koma renon ciyawa a tukunya. Ni dai haka nake ce mata, ciyawa, ko da yake kowa a nan ya san furen chikanda, wanda muke tono saiwarsa mu daka da gyaɗa mu dafa.

Fadamar ƙauyenmu a da cike take da shi. Mu mata muka tone shi tas, har da ni. Yaya ya yi kwana uku yana bin laka kafin ya samo guda goma sha bakwai da suka rage, ya kawo su gari. Shekara shida yana fama. Yashin rafi da gansakuka yake zuba musu, ruwan sama kaɗai suke sha, da rani kuwa ko ɗigo ba ya ba su, wai kada saiwar ta ruɓe. Burinsa su yi yawa ya mayar da su fadama. Duk wannan sai daga baya na ji, don Yaya ba mai magana ba ne.

A watan Yuni, farkon rani a wurinmu, na kai masa ziyara, na tarar ya tafi asibiti duba idonsa. Na leƙa bayan ɗakinsa, ga tukwane jere, ganye ya bushe. Ai lokacin tono ke nan! Na ce lallai tsohon nan ya yi dabara, yana noma abin marmarinsa. Na zazzage su duka. Saiwoyi ɓul-ɓul, rabon da in ga irinsu tun ina budurwa. Na wanke, na daka, na sa gyaɗa da kanwa da barkono, na dafa har ya daskare.

Da ya dawo na yanka masa. Ya kai baki, ya lumshe ido, ya kira sunana.

“Bana Chisanga, wannan ai irin na Mama ne! A ina kika samo?”

“Kai Yaya, har da wani tambaya? A bayan ɗakinka mana.”

Ya daina tauna. Ya tashi ba takalmi ya zagaya baya, na bi shi. Ya durƙusa yana cusa hannu cikin tukwanen ɗaya bayan ɗaya.

“Duka? Ko ɗaya ba ki bari ba?”

“Ba don ci ka shuka ba?”

“Su ke nan suka rage a fadamarmu. Babu wasu.”

Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya kakkaɓe hannunsa.

“Kira mini jikokina,” ya ce. “Ki yanka wa kowa ƙanana, ya ishe su. Ki ce su tauna a hankali.”