Reshen da Orvin Ya Hana

Orvin Dahlberg direban motar share ƙanƙara ne a birnin Minneapolis na Amurka, mutum mai taurin kai. Da cuta ta cinye manyan bishiyoyin nan da ake kira elm a unguwarsu, ta ƙofar gidansa kaɗai ta tsira. Masana suka zo roƙon reshe ɗaya tak, don su binciki ƙwayoyin gadonta su yaɗa irinta.

"Ku je ku yanki ta gidan ubanku," ya ce, ya rufe ƙofa.

Daga baya guguwa ta tuge ta, ba ta bar ɗa ba.

Yanzu ya tsufa. An sake dasa wa layin irin wata bishiya ta wani gari. Kullum yana ba wadda aka dasa a ƙofarsa ruwa, amma har yau "baƙuwa" yake ce mata.