Tofin Gwaggo a Gilashin Taga

Bakwaini na haifa, a Manchester, farkon sanyi. Ranar da aka sallame mu likita ta ce huhunsa bai yi ƙwari ba, murar da babba zai yi ya wartsake tana iya mayar da shi gadon asibiti. Aka sa shi cikin jariran da ake yi wa allurar kariya duk wata. Ni da na tsaya a aji huɗu, sai da nas ta maimaita mini. Ba rigakafin da na sani ba ne, garkuwa ce haɗaɗɗiya ake ara wa jikinsa, wata guda ta ƙare. Duk wata sai mu hau bas zuwa asibitin da ke Oxford Road, na lulluɓe shi, kunnena na kan masu tari.

Gwaggona, wadda ta goye ni bayan rasuwar innata, ta zo wajen ɗanta a unguwar Balsall Heath ta birnin Birmingham na 'yan watanni. Ba ta ce za ta zo barka ba. Wata Asabar kawai na ji sallamarta a ƙofar gidanmu na ƙasan bene a unguwar Withington, riƙe da kular kunun kanwa. Hancinta ja, muryarta a dishe.

"Miƙo mini mijin nawa in tofa masa addu'a."

A gidanmu ba a hana babba jariri. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, mura kike yi."

"Murar Birmingham ce, ina ruwanta da 'yan Manchester? Ke da na goya ina zazzaɓi?"

Hawaye na zubo mini, ban matsa ba. Ta daɗe tana kallona. Sai ta ajiye kular, ta zagaya ta wajen taga, ni kuma na ɗago jaririn ta ciki. Ta yi karatunta, ta tofa sau uku a jikin gilashin.

"Maigida, uwarka marowaciya ce. Sai sanyi ya wuce."

Bizarta ta ƙare kafin allurar ƙarshe, ta koma Kano. Yaron ya fita sanyin lafiya, yanzu har gudu yake.

Duk sanda muka yi waya takan tambaye ni, "Ya kai nauyinki lokacin da na fara goya ki?"

Nakan ce ban sani ba, Gwaggo. Ita kaɗai za ta iya ganewa, kuma har yau ba ta ɗauke shi ba.