Ɗakin da Yaya Ta Kwashe

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, Allah ya karɓi ran Yayata. Ta faɗi ne a bayan teburin sayarwa, a kantin maganin da ta yi shekara tara tana aiki, tana miƙa wa wata mata maganin tari. An kai ta asibiti cikin minti ashirin da biyar. Likitan da ya duba ta ya ce zuciya ce, kuma rai ya yi halinsa tun a hanya. Shekararta talatin da huɗu. Ta bar mahaifiyarmu, da yayanmu direba, da ni, da 'yarta mai shekara bakwai wadda muke kira Tsuntsuwa saboda ba ta iya zama wuri ɗaya. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Yaya, kin sha yi mini tsiya cewa ko gaisuwa zan yi sai na duba agogo. Yau ma na duba, domin ranar Asabar za a zauna a kan wanda zai riƙe Tsuntsuwa, kuma ba na so in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Mutane sun zo gaisuwa da yawa. Wani tsoho mai gadi ya zo da kwalin magani a aljihu, ya nuna wa Umma. Kin zana masa rana a gefe ɗaya, wata a ɗaya gefen, da ɗigo biyu a ƙarƙashin kowanne, saboda bai iya karatu ba kuma yana jin nauyin faɗa. Ya ce shekara huɗu kina yi masa haka, ba ki taɓa bari wani a layi ya lura ba. Ni ma ina da nawa labarin. Ranar da zan kare kundin kammala digirina, kin bar aiki kin zauna a benci a bakin ɗakin jarrabawar, awa uku, riƙe da takalmina na biyu don kada na farko ya tsinke. Bai tsinke ba. Har muka dawo gida kina rungume da shi.

Bayan rasuwar mijinki, shekara uku da suka wuce, kin dawo gida da Tsuntsuwa da tsohuwar kwamfutarsa. A cikinta kika fara wannan wasan da ake gina gida, a zuba mutane, su ci abinci, su tafi aiki, su yi faɗa su shirya. Kin gina gidanmu daidai da yadda yake, har da tagar kicin da ba ta rufuwa. Kin saka mu duka. Yayanmu ya leƙa ya ga kansa, ya ce, "Wannan ƙaton tumbin na waye? Rage shi, ko in daina kai ki aiki." Kika ce, "Kai ka fara rage na gaske."

Na taɓa tambayarki abin da kike samu a ciki. Kika ce a kanti mutum yana karɓar magani ya tafi, ba ki ƙara sanin ko ya warke. A wasan kuwa duk wanda kika kula da shi kina ganin yadda ya kwana.

A hankali muka gane wani abu. Ke ba kya iya buɗe baki ki faɗi abin da kike shirin yi, sai dai ki fara yin sa a wasan. Sati biyu kafin ki sauya wa Tsuntsuwa makaranta, ta wasan ta sauya. Kafin ki kawo wa Umma kujera mai jingina, mun gan ta a falon wasan. Ya zama al'adar gidanmu: mai son sanin abin da ke ranki, sai ya wuce ta bayanki kamar zai ɗauki ruwa, ya saci kallo.

A watan Afrilu ni ce na saci kallon. Na ga kin kwashe ɗakinki kaf, babu katifa, babu labule. Na ga kin mayar da shimfiɗar Tsuntsuwa ɗakina, kusa da tawa. Na ruga na gaya wa Umma, duk muka yanke cewa aure za ki sake. Umma ta yi ta murna a ɓoye. Yayanmu ya riƙa tsokanarki: "Amarya, waye wannan marar sa'ar?" Kika yi dariya, kika ce, "Ku dai ku bari lokaci ya yi." Sati shida muna yi miki wannan wasan, kina dariya. Babu wanda ya zaunar da ke ya tambaye ki, har da ni da na gani da idona.

Ranar Alhamis bayan rasuwarki na sami katin asibiti a aljihun rigar aikinki, mai kwanan wata biyu ga Afrilu, daga sashen masu ciwon zuciya. Kwamfuta tana rubuta ranar da aka adana wasa. Na duba. Kin kwashe ɗakin ranar uku ga Afrilu.

Baffan Tsuntsuwa, yayan mahaifinta, ya ce zai tafi da ita gidansa. Mutumin kirki ne, kuma jininsa ce. Na nuna masa shimfiɗar a ɗakina na cikin wasan, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ƙanwata, na ji zafinki. Amma wasan kwamfuta za ki kawo wa manya a matsayin wasiyya?"

Akwai abin da ban nuna masa ba, kuma zan rubuta shi a nan don kada in ci amanarki da ɓoye rabin magana. Adanawa ta ƙarshe ranar sha uku ga Mayu ce, kwana ɗaya kafin ki rasu. Shimfiɗar Tsuntsuwa tana nan a ɗakina. Amma a tsallaken titi kin fara wani gida, bango huɗu babu rufi, da ƙaramar katifa guda a tsakiya. Ranar Asabar zan nuna musu duka biyun.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Umma juriya, ya ba yayanmu da dangin mijinki da abokan aikinki haƙuri. Allah ya raya Tsuntsuwa a hannun da ya fi mata alheri, ko da ba nawa ba ne.

Ga abin da har yanzu ban sani ba. Ban san abin da likita ya gaya miki ranar biyu ga Afrilu ba. Ban san ko kin lura ina bayanki ranar da na leƙa, ko don in gani kika yi ba. Ban san ko gidan tsallaken titi na Baffa ne, ko kuwa gini ne kawai kika fara don rage lokaci ba. Kuma ban san abin da zan ce wa Tsuntsuwa ba. Yau da safe ta tsaya a ƙofar ɗakina da jakar makarantarta, ta tambaye ni ko ta fara haɗa kayanta.